Jajayen Turaka a Gonata

A Ambursa kowa da abin da yake faɗa a kan Tamba. Wasu su ce ba hakimi ba ne, ba kansila ba, amma in ya shiga ofis a Birnin Kebbi sai an miƙa masa kujera. Wasu su ce tsohon mai fito ne kawai daga Argungu, ya iya zama da manya. Ni dai saurare nake.

Ranin da ya biyo bayan an ba mu jiharmu ta Kebbi, ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, da furfurata. Wata rana Malam Cornelius ya rubuta mana kalmar Turanci a allo, influence. Ya ce iko ne wanda ba rawani ba kujera: mutum ya yi magana, masu kujerar su aikata. Muka dubi juna. Ba wanda ya ambaci sunan Tamba.

A makon nan masu awon fili suka kafa jajayen turaka a gonata ta shinkafa da ke bakin kogi, wai gidajen ma'aikata za a gina. Ita kaɗai ce abincin gidana. Bayan kwana biyu matata Balaraba ta ce an ga Tamba zaune a gaban motarsu, ya sauka yana nuna wurin da sanda. Na daina tsayawa kusa da shi a sahun salla. In ya gaishe ni sai in amsa a taƙaice, ba na tambayar iyali. Kullum ina tunanin wane babba ya yi wa alkawarin filin.

Sati uku bayan haka na iske an tuge turakun. Na tare ɗaya daga cikin masu awon na tambaye shi. Ya ce su baƙi ne, ba su san kogin ba, shi ya sa suka ɗauko tsohon. Tamba ya kai su gindin giginyar da ke gonar, ya nuna musu tabon da ruwa ke bari duk damina, daidai ƙirjin mutum. Ya ce musu in suka gina nan, da kwalekwale za su riƙa zuwa ofis. A ranar shugabansu ya soke wurin.

Na sami Tamba a ƙofar gidansa yana ɗinkin komar kamun kifi.

"Kalilu, kwanan nan gaisuwarka ta gajarce. Mi ya faru? Ko bokon ne ya hana?"

Na durƙusa.

"Baba Tamba, na zarge ka da cin gonata, har na faɗa wa iyalina. Don Allah ka yafe mini."