Tsutsa a Hanjin Kajin Anti Tela

Tun da idonta ya fara gardama da kafar allura, Anti Tela ta rufe keken ɗinki, ta zuba kajin nama ɗari biyu a ɗakin bayan gida. Sunan dai bai bar ta ba.

Da farko kaji suna ci suna cika ido. A sati na biyar abu ya canza. Buhun abinci na ƙarewa kamar kullum, amma in ta ɗaga kaza sai ta ji ta sakayau, ƙashin ƙirji kamar bakin wuƙa. Gashinsu ya hargitse, kashinsu ya tsinke, wasu sun koma lungu sun takure.

"Mai abinci ne ya cuce ki," in ji mijinta, yana leƙe ta taga. "Ki canza shago."

"Kai dai tafi aikinka, Baban Yara. Abincin nan na murza, na shinshina, lafiyarsa ƙalau."

Da ta wayi gari ta tarar uku sun mutu, ba ta jefar da su ba. Ta shimfiɗa leda a tebur, ta ɗauko tsohon almakashinta, ta farke hanjin ɗaya a hankali. Sai ga tsutsotsi farare dogaye, sun cunkushe hanjin har babu hanyar wucewa. Ta ji wani sanyi a ranta, tunda ta gano ɓarawon.

"Ashe ku nake ta ciyarwa!"

Ta zuba su a kwalba, ta kai wa likitan dabbobi.

"Wa ya buɗe miki kazar, Hajiya?"

"Ni da kaina."

"Lallai kin iya yanka. Ɗakin da kajin suke, an taɓa kiwo a ciki?"

An taɓa. Kajin gida sun shekara a can, shara kawai ta yi ta baza garin katako. Ga mazubin ruwa ɗaya yana yoyo. Likita ya ce ƙwan tsutsar a danshin nan yake zama, kaji su tsattsaga su haɗiye. Ya ba ta maganin sawa a ruwa, ya ja mata kunne kada a yanka ko ɗaya sai ya fita daga jikinsu.

Ranar nan Baban Yara bai ga wurin aiki ba. Suka kwashe garin katakon kaf, suka wanke daɓen, suka bari ya bushe, suka zuba sabo. Yana ta mita, tana ta miƙa masa bokiti.

Tara ta rasa gaba ɗaya. Sauran suka miƙe, ƙirji ya ciko, har suna tafiya suna rangaji. A sati na tara mai gasa kaji ya zo da sikelinsa. Ya ɗora ta farko, ya duba, ya sauke, ya sake ɗorawa.

"Anti, zubi na gaba duka nawa ne."

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Mutum biyu sun riga ka. Sai ka bi layi."