Ta Uku a Gidan Rolf

"Noi! Ashe kin dawo?"

Dalisay ta waiga da jiƙaƙƙen zanin gado a hannu. A ƙofar ɗakin wankin da ke ƙasan bene, tsohuwa Majken, maƙwabciyarsu, na tsaye dafe da sanda, fuskarta fal murna. Da ta matso ta ƙura mata ido, sai murnar ta dushe.

"Yi haƙuri, 'yar nan, idon ne ya tsufa. Ta baya kamar an tsaga kara."

"Wace ce Noi?"

Tsohuwar ta daɗe tana kallon injin da ke juya rigunan Rolf. "Bai gaya miki ba ke nan."

Dalisay ta baro garinsu Iloilo, a ƙasar Filifin, ne saboda Rolf. Ta ajiye aikin jinya, ta bar 'yarta Tala a hannun mahaifiyarta, da alkawarin za ta ɗauko ta da zarar ƙafarta ta kafu. Ba su yi aure ba. Rolf ya ce a Suwidin zaman tare ya wadatar, hukuma ma ta yarda, ta ba ta izinin zama na wucin gadi. Sai dai igiyar izinin tana hannunsa. Muddin suna ƙarƙashin rufi ɗaya tana nan, in kuwa suka rabu kafin wa'adi ya cika, sai jirgi.

"Noi 'yar Tailan ce, ita ma shi ya kawo ta gidansa," in ji Majken. "Takan kawo mini wata miya mai yaji, in sha ina hawaye ina neman ƙari. Saura ƙiris wa'adinta ya cika, na leƙa taga na ga akwatinta a kan dusar ƙanƙara. Shi da kansa ya buga wa hukuma waya. Kafin ita ma an yi wata doguwa, sunanta ya shige mini."

*

Daga ranar gidan ya sake mata. Ƙusar rataye ludayi da ke daidai tsayinta, wadda ta zaci don ita ya kafa, ashe tsatsarta ta girmi zuwanta. Silifas ɗin da ya ajiye mata ranar da ta sauka, sai yanzu ta lura dunduniyarsu ta lotsa a inda tata ba ta takawa. A bayan durowa ta zaro dogon gashi baƙi, ta gwada da nata, ya fi nata tsawo. In tana wanke-wanke sai ta ji kamar akwai mai tsaye a bayanta, tana jiran a ba ta wuri.

Rolf ba mai tsawa ba ne. Yana waƙa a coci, shi ke share wa tsofaffin unguwa ƙanƙara daga ƙofa. Wata safiya yana shafa man shanu a burodi ta yi ƙarfin hali.

"Rolf, ina Noi take yanzu?"

Wuƙar ba ta tsaya ba. "Majken ta fara ruɗewa, ya kamata 'ya'yanta su zo su duba ta." Ya gutsiri burodin, ya tauna a natse. "Noi ba ta san godiya ba. Ke kuwa mai hankali ce, ko ba haka ba, 'yar ƙaramata?"

Ya sa yatsa ɗaya ya turo wayarsa tsakiyar tebur, ya bar ta nan tsakaninsu.

*

Ta faki idonsa ta shiga gari, ofishin da ke ba mata baƙi shawara. Matar da ta karɓe ta mai kirki ce, har kofi ta zuba mata.

"Yana dukanki?"

"A'a."

"Yana kulle ki? Ya taɓa yi miki barazana da bakinsa, wani ya ji?"

Dalisay ta tuna yatsan nan da wayar. Yaya ake ba da labarin yatsa? Ta girgiza kai.

Matar ta sauke numfashi. "Ban ce ba ki da gaskiya ba. Amma doka ba ta hana mutum ya daina son mutum ba. Ki daure, wataƙila ke ki kai ƙarshen wa'adin."

A hanyar komawa Tala ta kira, tana tambaya ko gaskiya ne ana cin ƙanƙarar da ke saukowa daga sama. Dalisay ta ce in ta zo za ta ɗanɗana da kanta. Muryarta ko rawa ba ta yi ba, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan.

*

Sanyi ya wuce, itatuwa suka yi ganye, wa'adinta ya matso har tana jin ƙamshinsa. Ran wata Asabar Rolf ya yi aski, ya sa sabuwar riga shuɗiya, ya kira ta waje.

"Zo ki ɗauke ni hoto. Mai kyau fa, gidan ya fito, da furannin."

Ba ta tambaye shi na mene ne ba. Irin wannan hoton ta fara gani a wayarta can Iloilo kafin su haɗu, mutum mai sanyin ido a gaban jan gida, har ta nuna wa mahaifiyarta. A lokacin ba ta yi tunanin wa ya ɗauke shi hoton ba.

Ta ɗauka, ta miƙa masa. Ya duba, ya ɗan yamutsa fuska.

"Kin fito a gilashin tagar. Matsa gefe kaɗan."

Ta matsa.

"Ƙara."

Ta ƙara matsawa, har tagar ta koma babu kowa a cikinta sai sararin sama.

"Yi murmushi," ta ce.