Babin Mama

Yayana mutum ne da ko ruwa zai sha sai ya tsara yadda zai haɗiye shi. Da Baba ya rasu ya bar mana tarihin rayuwarsa a rubuce, Yaya ya ce shi zai shirya littafin a kwamfuta, kada kowa ya sa masa hannu.

Wai ajiye littafi a fayil ɗaya aikin 'yan koyo ne. Sai ya daddatsa shi: babban fayil yana kiran sassa, kowane sashe yana kiran babobinsa, babi kuma yana kiran wasu 'yan gutsattsari. Kwamfuta ce za ta bi layukan kiran nan ta harhaɗa su littafi guda. Ya zaunar da ni a falo yana ta bayani, baki har kunne, sai ka ce shi ya ƙirƙiro rubutu. Har da wata dabara: in ya gama gyaran babi, sai ya sa alama a gaban layin da ke kiransa, kwamfuta ta tsallake shi, aiki ya yi sauri. Wai ya kwantar da shi barci ke nan, a ƙarshe zai tashe su duka.

Ni abu ɗaya ya dame ni. Baba bai taɓa yabon Mama a gaban kowa ba, ko girkinta. Amma a littafin ya yi mata babi guda, da na karanta sai da na yi kuka. Na gaya mata. Ta ce in daina zolayarta, amma tun daga ranar take tambayar yaushe littafin zai fito.

Wannan babin ne Yaya ya fara kwantarwa, don babu abin gyara a cikinsa. Layin da ke kiransa kuwa yana binne can cikin fayil na ciki. Da lokacin bugu ya yi, gwanin tsari ya tashi babobin da ke sama-sama daga barci, ya manta da na Mama. Kwamfuta ba ruwanta, ta sake jera lambobin babi da na shafi tsaf, ko giɓi babu. Haka aka kai maɗaba'a.

Da kwalayen littafin suka iso, Mama ta wanke hannu, ta sa tabarau, ta bi littafin shafi-shafi. Ga abokan aikin Baba, ga tsohuwar motarsa, har makanikensa ya samu shafi. Ta kai bangon baya, ta rufe.

“Dama na sani,” in ji ta. “Kin faɗa ne don ki faranta mini.”

Yaya ya ruga ya ɗauko kwamfuta, gumi na keto masa, yana buɗe wannan fayil yana shiga wancan, har ya tono babin. Ya tura mata gabanta, ya ce ga shi nan, kuskuren layi ɗaya ne kawai.

Mama ko kallon allon ba ta yi ba.

“Wannan ai na'urarka ce, kome ka ga dama za ka rubuta a ciki,” ta ce. “Na babanku shi ne wanda aka buga.”

Ta cire tabarau, ta mayar da littafin cikin kwali.