Idanun da ke Bakin Zane

Galan ɗin kananzir na hannun Jemimah lokacin da Malam Timothy ya turo ƙofar langa-langa ya shigo gidan. Ta riga ta tara littattafan a tsakar gida kusa da wurin wanke-wanke, guda goma sha ɗaya, manya masu bangon kwali. Na saman a buɗe yake, hoton wani kan mutum na yumɓu yana kallon sama.

"Jemimah, mene ne haka?"

"Sannu da zuwa, Baba Ticha. Ƙona su zan yi."

"Uban naki ya mutu ne?"

"Haba Baba! Yana ciki kwance."

"To kayan mai rai kike ba wuta?"

Shekara ashirin da biyu Timothy da Wilfred, uban Jemimah, suna maƙwabtaka a wannan layi na unguwar Kakuri, katanga ɗaya tsakaninsu. Wilfred mai zana adon atamfa ne a masaƙa, har ranar da aka kira su aka ce injinan sashensu sun tsaya, su je gida a neme su. Ba a neme su ba. Yau kwana tara ke nan tun da asibiti suka ce a dawo da shi, a riƙa ba shi abin da ransa ke so.

Littattafan kuwa na sassaƙa ne da ginin yumɓu da saƙa na ƙasashen Afirka, da dogon bayani kan abin da masu yin su suka ɗauki duniya. Wilfred hotuna yake kallo, Turancin ya fi ƙarfinsa. Timothy, da ya yi shekara talatin yana koyarwa, shi ke karanta masa ranar Lahadi a gindin mangwaro, su yi ta musu. Ranar Juma'ar da ta wuce Wilfred ya kama hannunsa ya ce, "Ticha, in na tafi ka kwashe su. Yaran nan ba su san abin da ya ciyar da su ba."

"Ba ni na ce ba," in ji Jemimah. "Brother Sunday na unguwar Nasarawa ya zo addu'a da safe. Yana buɗe kabad ya ja da baya. Ya ce fuskokin nan ne suka riƙe Daddy, sun hana shi warkewa, sun hana shi tafiya."

"Sunday mai gyaran rediyo?"

"Yanzu Ubangiji yana amfani da shi."

"Rediyona na shagonsa tun zamanin da ake jin labarai na gaskiya. In Ubangiji ya gama da shi, ki ce ina jira."

Ba ta yi dariya ba. Idanunta sun kumbura, kwana tara tana juya mutum tana goge shi. Ta karkata galan, kananzir ya zuba a kan littattafai biyu na sama.

Lokacin da matarsa Eunice ta rasu, Timothy ya dawo daga maƙabarta ya tarar 'yan'uwanta sun rabe kayanta, har tabaraunta. Ranar ya yi shiru don kada a ce ba shi da kunya. Shirun bai dawo masa da ko cokali ba. Don haka yau ya tattara wandonsa ya zauna daram a kan tarin.

"Ƙyasta," ya ce. "Haɗa da ni."

A haka matan zumunta na coci suka same su, su biyar, sun zo gaida mara lafiya kamar yadda suke yi duk Alhamis. Dukansu cikin zanen zumunta, ruwan ɗorawa, da gicciye a tsakiya. Mama Lydia, shugabarsu, mai sayar da busasshen kifi a kasuwa, ta saurari Jemimah har ƙarshe, sannan ta juyo.

"Ticha, tun rasuwar Eunice ba a ganin ka a coci. Ashe gadin gumaka ka samu?"

"Aikin ya fi fansho tabbas, Mama."

"Tashi ka bar yarinya ta taimaki ubanta."

Timothy ya ɗan ɗaga, ya zaro wani koren littafi daga ƙarƙashinsa. Bai nemi shafin ba, littafin da kansa ya buɗe a wurin. Kan mutum ne na yumɓu, daga Nok, idanunsa masu kusurwa uku, kowanne da huda a tsakiya. A gefen shafin akwai rubutun fensir.

"Jemimah, kin san hannun ubanki. Karanta musu."

Ta sunkuya. "Na zumunta, 1983. Baƙi a kan ruwan ɗorawa."

"Yanzu ku dubi bakin zanenku."

Suka duba. Jere ne na kusurwa uku, kowace da ɗigo a ciki, ya zagaye zanen kaf.

"Mu ai kunnen kyanwa muke ce masa," in ji Mama Lydia a hankali.

"Yesu! Idanu ne!" in ji Binta, ƙaramarsu, ta ɗage zanen daga ƙafarta kamar ta taka ruwan zafi.

"Shekara goma sha shida kuna ɗaura shi," in ji Timothy. "Da shi kuka yi rawa a auren yarinyar nan. Da shi kuka binne mini mata. In tsafi ne, ku kwance ku jefa a kai, ashana ɗaya ta isa."

Mama Lydia ta daɗe tana murza bakin zanen da yatsu. "Jemimah, ajiye galan ɗin nan," ta ce. "Zanen da ya yi shekara goma sha shida yana shiga gaban bagaden coci, in da aljani a ciki, ya tuba tuni."

Nan ya kamata Timothy ya tashi ya shiga wurin abokinsa. Amma shekara biyar rabonsa da aji, ga mata shida suna kallon sa. Ya gaya musu garin Nok ba shi da nisa da Kwoi, garin su Wilfred. Ya gaya musu marubucin littafin ya cika shafi ashirin yana cewa hudar idon ƙofa ce tsakanin masu rai da kakanni. Ya ce ranar da ya karanta wa Wilfred haka, Wilfred ya yi dariya ya ce, "Wannan bai taɓa gasa tukunya ba. In ba ka huda yumɓu ba, wuta ta fasa shi." Daga shagon da ke bakin layi rediyo na ta shelar cewa jibi sojoji za su miƙa mulki, Timothy ya ɗaga murya ya danne ta. Ya kai ga yadda aka yi injin masaƙa ya buga baƙin launin zanen sau biyu kafin ya zauna, sai Jemimah ta ce bari ta tambayi Daddy ko gaskiya ne.

Ta shiga. Can sai muryarta, ba da ƙarfi ba: "Mama Lydia, zo."

Wilfred na kwance, ya riga ya cika, fuskarsa wajen taga, tagar da ke kallon tsakar gida. Ko ya ji musun, ko bai ji ba, babu mai sani. Timothy ya tsaya a bakin gado yana warin kananzir. Ya san gobe Sunday zai gaya wa duk Nasarawa cewa ana fitar da littattafan mutumin ya samu hanya.

Zanen gado duk suna kan igiya, ba su bushe ba. Mama Lydia ta cire zanen da ke kafaɗarta, ta shimfiɗa a kansa tun daga fuska. Bakin zanen ya faɗo daidai ƙirji, a karkace. Timothy ya sa hannu ya daidaita shi.

Yayyafi ya fara buga kwanon rufi. Matan suka ɗauki waƙa ƙasa-ƙasa. Jemimah ta fita. Ta taga Timothy ya hango ta durƙushe a tsakar gida, tana ɗaukar littattafan ɗaya bayan ɗaya, tana goge kowanne da gefen rigarta kafin ta ɗora a ƙirji.