Sawun Taguwa a Tsibirin Wari

Tun kafin kowa ya zo ya faɗa masa, Bachayo ya san an yi ɓarna a tsibirin Wari, ya kuma san mai laifin, domin tana tsaye a bayan bukkarsa tana tuƙa. Taguwarsa ce, Surmi. Jikinta sharkaf, baƙar laka har ƙirji, irin lakar da babu ita ko'ina sai a Wari, ga wani ɗan koren ganye maƙale a leɓenta. Dabaibayinta kuwa yana rataye a turke, inda shi da hannunsa ya rataye shi jiya da la'asar, don ya ga igiyar tana cin tsohon mikin ƙafarta.

Matarsa Nazan ta fito da kwanon tatsa. Ta dubi taguwar, ta dubi igiyar, sannan ta dube shi.

"To, mai doka," in ji ta, "ga dokarka ta dawo gida tana ɗiga."

Sau uku teku tana tashin ƙauyensu a rayuwar Bachayo. Inda kakansa ya noma jar shinkafa, yanzu jiragen masunta ke wucewa. Kogi ya rage kawo ruwan daɗi, ruwan gishiri kuwa kowace shekara sai ya ƙara taku. Shi ya sa bara mutanen ƙauyen, maza da mata, suka shiga laka har gwiwa suka dasa 'ya'yan itacen timar, mai tsirowa cikin ruwan gishiri, a Wari, tsibirin da ke tsakaninsu da teku, don in sun girma su riƙe ƙasa su karya ƙarfin igiyar ruwa. Sai dai timar shi ne abincin raƙumansu, raƙuman nan kuma iyo suke kamar kifi. Aka zauna a yi doka. Wasu suka ce a yi wa mai dabbar faɗa, wasu suka ce a sa shi ya sake dashen. Bachayo ne ya miƙe, ya gyara rawani, ya ce duk wannan wasan yara ne: dabbar da ta shiga Wari kafin shekara biyar, a fitar da ita tudu a sayar, ko ta wace ce, ko ta wane ne. Har sau biyu ya maimaita ƙarshen maganar, don ya ji daɗin yadda ta fita. Da yake kuma shi ne mai bin sawu na ƙauyen, wanda ke duban ƙasa ya faɗi sunan dabba da na ubangidanta, aka ce bakinsa ne hukunci.

A ranar da aka yi dokar, raƙuma ashirin ɗin da ya gada saura biyu. Ɗaya ta mutu da bazara. Surmi ce ta rage, ita ce nonon shayinsu, ita ce wadda yake yi wa hira in Nazan ta gaji da shi.

"Chacha Bachayo! Chacha, fito, an cinye mu!"

Muryar Sumar ce, ɗan ƙanensa, wanda aka ɗora wa kula da dashen. Chacha kuwa baffa ke nan a yarensu, haka duk ƙauyen ke kiransa. Bachayo ya yi wuf ya cire ganyen nan daga leɓen Surmi. Ya rasa inda zai jefa shi, sai ya tsinci kansa ya tauna ya haɗiye. Gishiri zalla. Ya zagayo gaban bukka yana share baki.

"Layi bakwai, Chacha, an yi musu aski tas! Sawu na nan raɗau a laka. Taso mu je kafin ruwa ya dawo."

Bachayo ya ɗaga kai ya dubi rana. Ruwa ya janye tun asuba, zai kuma rufe lakar Wari kafin rana ta take tsaka. Nan take wata dabara ta zo masa, tsaf, kamar dama tana jira a bakin ƙofa. Ba sai ya yi ƙarya ba. Shekara arba'in yana bin sawu, bai taɓa ɗora wa dabba tafin da ba nata ba, ba kuma yau zai fara ba. Abin da kawai ake buƙata shi ne tsoho ya yi tafiya irin ta tsofaffi. Ba shi ya halicci teku ba, ba shi ya sa mata lokaci ba. Wa ya taɓa jin an tuhumi mutum da laifin shan shayi?

"Ido ba ya buɗewa ciki wayam," ya ce. "Nazan, kawo mana shayi."

Ya sha kofi ɗaya a hankali, yana hurawa ko da ya huce. Ya nemi na biyu da gurasar shinkafa. Sumar na tsaye yana canja ƙafa.

"Zauna mana. Ubanka ma haka yake, kullum kamar an sa masa kaguwa a wando."

Da shayi ya ƙare, sai tabarau ya ɓace. Aka ɗaga tabarma, aka zazzage buhun gari, aka leƙa cikin tukunya. Tabaran na cikin aljihun rigarsa yana tokarar haƙarƙarinsa.

"Ka duba kusa da zuciyarka," in ji Nazan, ba ta ko ɗago kai daga murhu ba. "Can abubuwa suka cika ɓacewa yau."

Ya same shi, ya yi mamaki mai yawa, har ya so ya yi yawa. Sannan ya zaga bayan gida, ya daɗe. Yana tsugune yana yi wa kansa shari'a: shiru ba ƙarya ba ne, jinkiri kuma ko shiru bai kai ba. Ya ga hujjar ta tsaya da ƙafafunta. Abin da ya dame shi kawai, tun da yake bai taɓa buƙatar hujja kafin ya tafi aiki ba.

A bakin ruwa mutum biyar ke jira cikin jirgi. Can ƙarshe, shi kaɗai, Wasayo ne zaune ya haɗa kai da gwiwa. Talaka ne mai 'ya'ya mata shida da raƙumi ɗaya tilo, wani jan amale mai tsinke igiya.

"Shi kuma me ya kawo shi?" Bachayo ya tambaya.

"An ga raƙuminsa sake jiya da yamma," in ji Sumar. "Kowa ya san shi ne. Kai dai ka tabbatar mana, don kada a ce mun yi zalunci."

Wannan kuwa ba ya cikin shari'ar da ya yi a bayan gida. Bachayo ya shiga jirgin ya zauna. Amma da aka tayar da injin, sai ya ji bakinsa yana cewa a bi ta mashigar arewa, wai sawu daga inda dabba ta fito ruwa ake fara karanta shi. Hanyar ta ninka ta kudu. Babu wanda ya musa, ai shi ne masani. Ya yi mamakin yadda mutum ke iya jin kunya yana kuma ci gaba da abin kunyar, kamar mai tafiya yana cin gyaɗa.

Da suka isa, ruwa ya riga ya fara shigowa, siriri, yana lasar laka yana komawa, kowane zuwa ya fi na baya nisa. Dashen ya ba shi tausayi da gaske. 'Yan itatuwan da ba su wuce gwiwa ba, waɗanda shi ma ya dasa wasu har bayansa ya riƙe mako guda, an bar su tsirara kamar tsinken tsintsiya. Rabin sawun ya nutse. Saura ya jiƙe ya fara narkewa. Guda ɗaya ne ya rage a kan ɗan tudu, cikakke, kamar an buga hatimi: tafin Surmi na baya na hagu, da tsagar da ɓawon kawa, katantanwar teku, ya yi masa shekara tara da suka wuce. Shi ya ɗinke wannan tsagar da kansa.

Ya matsa kamar mai nazari, ya ɗora ƙafarsa a kai, ya tsaya.

Ya sa tabarau. Ya cire. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya ce "hmm" irin na manya. Ruwa ya zo ya taɓa yatsunsa, ya koma, ya dawo ya rufe idon sawu.

Wasayo ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Chacha, ni ban san inda ya kwana ba, ba zan rantse ba. Abin da ka gani ka faɗa. Idonka bai taɓa cutar kowa ba. In nawa ne, wallahi da hannuna zan kai shi tudu."

Da zagi ya yi, da Bachayo ya ji sauƙi.

"Ruwa ya riga mu," ya ce da ƙarfi. Gaskiya ce kuwa, babu ko harafi ɗaya na ƙarya a ciki.

Sumar ya yi tsaki. "To shi ke nan. Babu sawu, sai mu bi abin da ido ya gani jiya. Wasayo, ka yi haƙuri, gobe amalenka zai fita."

Aka juya za a koma jirgi. Bachayo ya ɗaga ƙafa zai bi su, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Tsayuwar da ya yi ta daɗe, laka ta haɗiye shi har ƙwauri. Ya yunƙura, ɗayar ma ta nutse. Ruwa ya kai gwiwa.

"Kai, ku zo! An dasa Chacha!" wani ya yi ihu. "Ku bar shi, shekara biyar zai yi ganye!"

Wasayo ne ya fara isowa. Ya rungumo shi ta baya, ya ja, ya sake ja, har suka zube tare. Ya saɓe shi a kafaɗa kamar buhun busasshen kifi, rawani na jan ruwa, takalmi ɗaya ya zama rabon kaguwa. A haka, kai ƙasa, yana kallon duga-dugan Wasayo da suka tsattsage, Bachayo ya ce, "Surmi ce."

"Me ka ce, Chacha?"

"Na ce Surmi ce! Sauke ni, ɗan nema!"

Ya ɗauka za a yi tsit, a dube shi da baƙin ciki ko da girmamawa, ko wanne ya shirya masa fuska. Sai ya ga Sumar yana girgiza kai, idonsa ya ciko.

"Allahu akbar. Kun ga mutanen da? Zai ba da taguwarsa ɗaya tilo saboda 'ya'yan Wasayo."

"Ba kyauta nake ba! Ita ta ci!"

"Chacha, Surmi da ke ɗingishi? Tsohuwar da ko rafi ba ta tsallakewa sai ka roƙe ta?"

"Na ga sawunta da idona!"

"Ina yake?"

Bachayo ya dubi inda ya tsaya. Ruwa ne shimfiɗe, yana ƙyalli.

Duk hanyar dawowa yana ba da shaida a kan kansa. Ya faɗi shayin, ya faɗi tabaran, ya faɗi mashigar arewa, har ganyen da ya haɗiye bai ɓoye ba. Kowace ya faɗa sai a ce, "Allah sarki, Chacha," wani har ya kama hannunsa ya sumbata. Wasayo na kuka yana cewa ba zai karɓi wannan sadaka ba, gara amalensa ya tafi. Bachayo ya ga cewa tun da aka haife shi ba a taɓa girmama shi kamar yau ba, ya kuma ga cewa in ya yi shiru yanzu, zai tashi da taguwarsa da kuma sunan waliyyi, a farashin raƙumin talaka ɗaya. Ya auna wannan cinikin a ransa. Ya auna shi fiye da yadda ya kamata mutumin kirki ya auna.

"To ku saurara," ya ce da suka sauka. "Dabbar da ta ɗanɗani ɗanyen dashe ba ta sake kallon tsohon ganye. Ku kawo su biyun bakin ruwa, ku cire akala, ku matsa."

Wannan kuwa kowane mai raƙumi ya san gaskiya ne. Da la'asar, ruwa ya fara janyewa, ƙauyen duka ya fito. Aka kawo amalen Wasayo, aka kawo Surmi, wadda Nazan ta wanke tas har tana sheƙi. Nazan ta tsaya gefe ta naɗe hannu.

"Ni na yi nawa," ta ce masa. "Kai kuma ka je ka ci shari'arka."

Aka sake su. Amalen ya yi hamma, ya shinshini iska, ya juya ya nufi tsohon kurmin da ke bayan gari. Surmi ta tsaya. Bachayo ya ji zuciyarsa tana roƙonta, ita wannan zuciyar da ta kawo shawarar: juya, 'yar albarka, bi shi, ki ƙaryata ni. Ta dube shi da dogayen gashin idonta. Sannan ta gangara, babu ɗingishi ko kaɗan, ta shiga ruwa har wuya, ta miƙe hanci sak zuwa Wari.

Babu wanda ya sumbaci hannunsa a wannan karon.

"Ka ga," ya ce wa Sumar, "ban taɓa kuskure ba."

"Ba ka taɓa ba, Chacha. Shiga jirgi mu taro ta, kafin ta ƙarasa layi na takwas."

Suka cim mata a tsakiyar mashiga. Bachayo ya miƙa hannu ya zura mata akala, ta yi gurnani ta fesa masa ruwa a fuska. Sumar ya riƙe injin, ya tambaye shi ko a mai da ita gida ta kwana tukuna, gobe ma rana ce.

Bachayo ya yi tunanin abin da shi da kofin shayi za su iya ƙullawa kafin gobe.

"A'a," ya ce. "Juya tudu. Ka kuma yi sauri, kada ka saurare ni in na ce a tsaya."