Ƙarfen da Bappayo Ya Wasa Gaba da Baya

Falankin madacin guda ɗaya ne, babu na biyu. Tun ranar Litinin yake kwance a kan bencin Matiyu kafinta a Jekadafari, kuma har safiyar Alhamis fuskarsa ba ta yi sumul ba.

Katakon na Mama Hilda ne, tsohuwar shugabar makarantar firamare da ke zaune a unguwar Federal Low-Cost. Mijinta, marigayi Gilbert, shi ya dasa bishiyar a ƙauyensu tun yana saurayi. Da iska ta kayar da ita aka yanka, falanki ɗaya kacal ya fito da faɗin saman tebur. Tebur take so a yi da shi, ta kai coci ranar Lahadi, ranar addu'ar tunawa da shi.

Matsalar jijiyar itacen ce, a murɗe take. Matiyu ya tura filen, abin da ake fere katako da shi, ta gabas, ya tsage. Ya juyo ta yamma, ya tsage. Kowace tsaga sai an fere ƙasa da ita kafin ta ɓace. Kaurin falankin inci ɗaya da rabi ne da aka kawo shi. Yanzu saura inci ɗaya da ɗan ɗoriya, kuma ƙasa da inci ba tebur ba ne, faifai ne.

Ya gwada abin da ya sani. Yana da ma'aunin kusurwa da ya yanka daga gwangwani. Ya wasa bakin ƙarfen filen a digiri ashirin da biyar, yadda aka koya masa, katakon ya tsage. Ya ɗaga zuwa talatin, bai sauya zani ba. Sai ya zare ƙarfen, ya ajiye kusa da dutsen washi, ya hau keke ya tafi sayo gam.

Da ya dawo ya tarar da maƙwabcinsa a bakin shago, yana murmushi. Bappayo ke nan, dattijon da ya shekara talatin yana wasa wa mahauta wuƙaƙe a rumfar da ke jikin shagon.

"Oga Matiyu, na ga kwana uku kana ta fama da ɗan ƙarfen nan kamar mai dakan ruwa. Na taimake ka. Ungo."

Matiyu ya karɓa, ya juya bayan ƙarfen ya duba. Ƙarfen filen gefe ɗaya ake wasawa, bayansa kuwa a miƙe ake barinsa, ko almajirin kafinta na sati ɗaya ya san haka. Bappayo ya wasa shi gaba da baya, irin na wuƙa. Ga wani siririn layi nan yana ƙyalli a bakin, ta gefen da ba a taɓawa.

"Baba Bappayo! Wa ya ce maka rago zan feɗe?"

"Kaifi ai kaifi ne."

"Ka kashe mini ƙarfe! Bayansa ka ci!"

"To wane irin ƙarfe ne mai fuska ɗaya? Ku kafintoci kun cika tsarabe-tsarabe. Aske hannunka ka gani."

Kaifi dai akwai, gashi ya zube. Amma gyara bayan zai ci yini guda a kan dutse, ga tebur ko ƙafa ba a haɗa masa ba. Don ya nuna wa dattijon ɓarnar da ya yi, Matiyu ya mayar da ƙarfen cikin filen, ya ɗaure, ya jawo guntun madacin da ya rage daga gefen falankin, wanda ya fi ko'ina murɗiya.

"Tsaya ka ga aikinka."

Ya tura. Filen ɗin ya yi nauyi fiye da kullum, sai da ya sa kafaɗa. Ɓawo ya fito siriri, a nannaɗe, bai karye ba. Matiyu ya shafa wurin da yatsa. Ya sake turawa. Ya juya guntun, ya turo ta inda ɗazu yake tsagewa, nan ma sumul.

"Kai!" ya ce. "Kai, kai, kai!"

"Ya lalace ko?" in ji Bappayo.

Matiyu ya kwance filen. Ya zare ƙarfen da sauri har guduma ta faɗi, ya ɗora ma'aunin gwangwanin a kan siririn layin. Kusan digiri goma sha biyar. Ya ɗauki fensir daga bayan kunne ya rubuta a jikin benci: filen yana riƙe ƙarfe a arba'in da biyar, a ƙara sha biyar, sittin. Kwana uku yana sauya kusurwar da ke kallon ƙasa, wadda ba ita ke ɗaga ɓawo ba. Wadda ke tarar itacen ta sama ce, kuma yanzu da ta miƙe tsaye, tana karya jijiyar tun kafin ta sami damar tsagewa.

"Baba, ka san abin da ka yi kuwa? Sittin! Sittin ka ba ni!"

"Ni ban ba ka komai ba, wasawa na yi."

Suna cikin haka keke mai ƙafa uku ya tsaya. Mama Hilda ta sauko da jakarta, ta gaisa da Bappayo, ta wuce kai tsaye wurin falankin. Ta ga tsage-tsagen, ta auna kaurin da yatsu biyu.

"Matiyu, ɗana, katakon nan ramewa yake yi."

"Mama, ki ba ni minti biyar. Ki tsaya nan."

Guntu daban, falanki daban. In ƙarfen ya ci amana a tsakiya, babu sauran kaurin da za a gyara da shi. Ya ja bakin ƙarfen baya har sai da ƙyar ake ganinsa, ya goga kyandir a ƙasan filen, ya kafa ƙafa. Ya tura daga wannan kai zuwa wancan, bai tsaya ba.

Ɓawon ya taso ja, ya nannaɗe a wuyan hannunsa, ya zubo ƙasa tsawon falankin. Ya sake, ya sake. Gumi ya jiƙa rigarsa. Tsagar farko ta ɓace a turi na shida, babbar ta tsakiya a na goma sha ɗaya. Inda filen ya bi, jijiyar da ta hana shi sakat ta fito layi-layi, wani duhu wani haske, tana sauyawa in mutum ya gusa. Ya sa ma'auni: inci ɗaya, har da 'yar rara.

Mama Hilda ta shafa katakon da tafin hannu, ta daɗe ba ta ɗaga ba. Sannan ta sunkuya ta ɗauki ɓawo ɗaya, ta naɗe, ta sa a jaka.

"Lahadi ƙarfe takwas," ta ce.

"Asabar da yamma zai iso gida, Mama."

Da ta tafi, Matiyu ya tsoma tsinke a jan fenti ya ɗiga a gindin ƙarfen, don kada wata rana ya manta ya gyara shi. Ya buɗe akwati ya ciro wani tsohon ƙarfe ya miƙa wa Bappayo.

"Wannan ma, Baba. Amma goma nake so a bayansa, ba sha biyar ba. Ga ma'auni."

Bappayo ya juya gwangwanin gaba da baya, ya mayar masa.

"Riƙe abinka. Ɗazu na kashe ƙarfe, yanzu kuma ni ne injiniya." Ya tofa ruwa a dutse. "In na gama ka auna."