Farar Ƙasa a Gindin Maɗaci

Na tarar da Babana a durƙushe gaban bishiyar mangwaro, buroshi a hannu, yana shafa mata farar ƙasa kamar mai ƙunsa wa amarya lalle. Ya naɗe wando har gwiwa. Fari ya ɗiga masa a gira, a kunne, har a leɓe. Na ajiye kwanon tuwon da na ɗauko masa tun daga Mpape, na ce, "Baba, wai kai za a karrama ko itatuwan? Na ga ka kusa kamo su fari."

"Felicity, sauka daga kan ciyawata tukuna," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

Shekara ashirin da uku ke nan Baba Thaddeus yana kula da wannan ɗan lambun shaƙatawa na gwamnati a Utako, tsakanin tashar mota da dogayen gine-gine, kuma har yau a takarda sunansa ma'aikacin wucin gadi. Mamarmu takan ce ya san shekarun kowace bishiya a lambun, amma in ka tambaye shi shekarun 'ya'yansa sai ya hau sosa ƙeya. Ba ƙarya ta yi masa ba. Ranar Asabar mai zuwa za a ba shi takardar yabo, shi ya sa tun Litinin ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Amma akwai abin da ke cin sa a rai. An fi wata biyu ana raɗe-raɗin cewa an ba wani attajiri hayar lambun zai gina zauren biki. Baba bai damu da zauren ba, bai ma damu da aikinsa yadda ya kamata mai iyali ya damu ba. Damuwarsa ɗaya ce, tsohon maɗacin da ke can ƙarshen lambu a bakin kwari, wanda ya girmi Abuja kanta. Sau uku yana tare shugabansa, Oga Lawal, a kan maganar, har Oga ya gaji ya ce masa, "Baba, kwantar da hankalinka. Na ga zanen da idona, bai kai wurin maɗacinka ba."

Ran Litinin ɗin ne Oga Lawal ya aiko da bokiti biyu na farar ƙasa da 'yar takarda: a shafa wa itatuwan da ke tsakanin ƙofa da famfo, guda talatin da ɗaya. Bai ce don me ba, Baba kuma bai tambaya ba. Me zai tambaya? Tun da ya fara aikin nan, in an aiko da farar ƙasa to manyan baƙi za su zo. Bishiyar da aka shafa wa fari ita ce wadda ake alfahari da ita.

Da ya gama ta talatin da ɗaya, sai ya leƙa bokitin. Akwai saura. Ya dubi maɗacin can nesa, gindinsa baƙi ƙirin, sauran duk sun yi ado.

"Haba," ya ce. "Yara su sa sabon kaya, a bar ubansu haka? Riƙe min bokitin."

Ni na riƙe masa. Ina yi masa dariya, ina cewa saura ya ɗaura wa maɗacin kwat da nakatai.

* * *

Wanda bai san lambun ba zai ce me ke cikin bishiya ɗaya. Maɗacin nan shi ne asibitin talakawan unguwanni uku. Kafin Baba ya zo, mutane kan tsallako da adda su sassaƙe shi ta ko'ina, har ya fara bushewa. Wani mai gadin da kora zai yi. Baba kuwa sai ya kafa doka: a shigo ta ƙofa, a gaishe shi, shi zai yanka da hannunsa. Faɗin yatsa uku kawai, a tsaye, ba ya taɓa zagaye gindin. Ya toshe wurin da jar laka, kuma ba zai sake taɓa wannan ɓangaren ba sai bayan damina biyu. Ko sisi ba ya karɓa. In mutum ya zo da yaro, sai ya kama hannun yaron ya ɗora a jikin bishiyar, ya faɗa masa sunanta da Hausa da kuma yarenmu.

Ranar Asabar an kafa rumfa, an jera kujeru. Manyan baƙin da aka yi ta jira ba su wuce biyar ba, su ma ido na kan agogo. Amma mutanen Baba sun zo. Direbobin tasha da ke kishingiɗa a inuwa da rana sun zo, matan cocinmu sun zo da anko, ga Hajiya Batulu mai koko, wadda ta biya kuɗin mota tun daga Kurudu.

Ba a sa ta cikin masu magana ba, amma wa ya isa ya hana Hajiya Batulu? Ta karɓi abin magana ta ce, "Ni ban iya Turanci ba. Lokacin da maigidana ya kwanta, bawan Allahn nan ne ya riƙa ba ni sassaƙe. Da maigidan nawa ya rasu, nan nake zuwa in zauna, don a ɗakinmu babu wurin kuka. Mutumin nan bai taɓa ce min tashi ba. Sai dai ya share min wuri ya koma kan aikinsa. Allah Ya saka maka da alheri, Baba."

Kowa ya ce amin, Musulmi da Kirista. Baba ya tsaya da takardarsa a hannu, cikin kwat ɗin da ya yi masa yawa, yana kallon ƙasa kamar wanda aka kama da laifi. Ban taɓa son sa kamar ranar ba.

Da aka watse, Oga Lawal ya dafa kafaɗarsa. "Baba, ka ɗauki hutun kwana uku. Kyauta ce daga ofis. Sai Laraba." Na lura bai yarda sun haɗa ido ba. Na lura, amma hankalina na kan rabon lemo.

* * *

Laraba da safe na raka shi, don hanyar shagon ɗinkina ce. Tun daga tasha muka ji kukan injin zarto. Baba ya ƙara sauri, sannan ya fara gudu, tsoho mai ciwon gwiwa.

Daga ƙofa kana hango har ƙarshen lambun, abin da bai taɓa yiwuwa ba. Kututturai ne jere, kowanne da farin zobe a gindi. Baba bai tsaya a kan ko ɗaya ba, ya yi ta tsallake rassa har bakin kwari. Maɗacin na kwance, kansa cikin ruwa, mutum biyu na yanka shi gunduwa-gunduwa. Cikinsa ja wur.

"Wa ya ce ku taɓa wannan?" Muryar Baba ta fita siririya.

Ɗayan ya kashe inji, ya share gumi. "Baba, sorry. Mu contractor ya ce duk wanda yana da fari, a yanka. Wannan ma yana da fari."

Sai ga Oga Lawal da sauri, takarda a hannu, fuska a murtuke. "Baba, me ka yi haka? Talatin da ɗaya na rubuta maka! Wannan ba ya ciki. Wallahi da kaina na roƙi a bar shi. Wa ya sa ka shafa masa?"

Ni ce na amsa, don raina ya riga ya ɓaci. "Oga, ka san alamar yanka ce, ka ba shi ya shafa da hannunsa ba ka faɗa masa ba?"

"Da na faɗa masa zai yi?" ya ce. Ya dubi Baba, ya sunkuyar da kai. "Ni ma umarni aka ba ni."

Baba ya zauna a kan kututturen, wanda faɗinsa ya isa mutum huɗu. Can ya ce, a hankali, "Ni na shafa masa. Kunya na ji masa."

Ban je shago ba ranar. Mama ta kira sau huɗu. Hajiya Batulu ta zo da rana, ta tsaya daga nesa, ta kama baki, ta juya. Masu zarto suka loda mota suka tafi. Na kawo masa ruwa ya sha, abinci kuwa ko kallo bai yi ba.

Da rana ta sunkuya na ce, "Baba, tashi mu tafi, kafin motar Mpape ta yi wuya."

Ya girgiza kai, ya nuna sama. Balbelu ne ke dawowa daga kiwo, biyu-biyu, uku-uku. Sai su zo daidai inda rassan suke a da, su ware fuka-fuki za su sauka, su tarar da iska. Su zagaya, su sake dawowa.

"Bari su gama zuwa," ya ce. "Kada su tarar ba kowa."